Magungunan gargajiya: Aikin yana wurin tacewa

Duk lokacin da aka tayar da batun shigar da magungunan gargajiya cikin tsarin kiwon lafiyar Najeriya, muhawara kan tsaya a kan ko ganye da saiwa suna magani. Tambayar da ta fi wuya ita ce yadda za a fitar da sinadarin da ke aikin, a kuma same shi da ƙarfi ɗaya yau da gobe.

Masu bincike a China sun sha fama da wani nau'in tazargade, sakamakon gwajinsu yau ya yi kyau gobe ya lalace. A 1971 Tu Youyou ta zargi zafin wuta, ta koma tace ganyen da wani ruwan sinadari mai tafasa a kusan digiri 35. Daga nan aka samo artemisinin, ginshiƙin maganin zazzaɓin cizon sauro a yau, aikin da ya kai ta ga lambar Nobel a 2015. Ganyen bai canza ba, hanyar ce ta canza.

Najeriya ma tana da nata misalin. Cibiyar NIPRD da ke Abuja ta haɗa Niprisan, maganin rage tashin ciwon sikila, daga tsirrai huɗu, ciki har da masoro da kanumfari da ganyen dawa. An fitar da shi kasuwa a 2006 da sunan Nicosan, amma bayan 'yan shekaru aka daina sarrafa shi, sai a 2018 aka ba kamfanin May & Baker lasisi. Wannan kuwa a ƙasar da ake haifar jarirai kusan 150,000 masu sikila a kowace shekara.

Haɗa tsirrai huɗu na nufin ninka wahala, domin ƙarfin ganye yana sauyawa da ƙasar da ya tsiro, da lokacin tsinka, da yadda aka shanya shi. Tsohuwar hanyar jiƙa gari na kwanaki, ko tafasa shi na sa'o'i, tana cin lokaci, tana kuma iya lalata sinadari marar jure zafi. Sababbin na'urori masu amfani da girgizar sauti ko matsattsiyar iskar kabon sun rage wannan asara, sai dai suna da tsada kuma ba sa aiki sai da tsayayyar lantarki.

Lambar da NAFDAC ke ba yawancin magungunan gargajiya ta shekara biyu ce, kuma shaida ce ta rashin cutarwa kawai. Cikakkiyar rajista tana buƙatar gwaji a kan marasa lafiya, gwajin kuwa ba ya yiwuwa idan kwalbar farko ta bambanta da ta biyu.