Tsabar Ingila: Wacce Ta Cancanci Ajiya?

'Yan'uwa ɗalibai, a Ingila tara tsabar kuɗi tsohuwar sha'awa ce, mu kuwa da muka yi zama da kuɗin Bature fiye da shekara hamsin mun bar namu suna tsatsa a ƙasan adudun kakanninmu, ko maƙera su narkar da su. Wannan sakaci ne, kuma muna ganin lokacin gyara shi ya yi.

Mu fara da abin da bai kamata ya ruɗe mu ba. Gidan buga kuɗi na Ingila yakan fitar da tsabar tunawa duk sa'ad da aka yi wani babban sha'ani, masu talla kuma su ce dukiyar gobe ce. Ba kullum ba. Da Churchill ya rasu a 1965 an buga tsabar sule biyar mai hotonsa fiye da miliyan 19, don haka har yau ba ta da wata daraja a kasuwa. Ta fensa 50 da aka yi wa lambun Kew a 2009 kuwa guda 210,000 kacal aka sake, shi ya sa ake rububinta. Ƙarancin abu ke sa masa tsada. Ƙaramin ma'aikacin da ya zuba albashinsa a kan ƙyalli ya yi caca.

Tsofaffin su ne masu magana. A dubi gini, tsabar zinariyar da aka fara bugawa a 1663. Sunanta daga gaɓar Gini ya fito, kuma waɗansu na ɗauke da hoton giwa a ƙarƙashin kan sarki, alamar cewa kamfanin da ke fataucin zinariya da bayi a Afirka ta Yamma ne ya kawo zinariyar. Wane littafin tarihi ne zai faɗi wannan a taƙaice haka?

Ga wanda ya fi kusa da mu. Sarki Edward na Takwas ya hau gadon sarauta a Janairun 1936, ya sauka a Disamba, ba a kai ga sakin tsaba mai hotonsa a Ingila ba. Amma kwabo da ɗari da anini na Afirka ta Yamma, masu huda a tsakiya, ba su bukatar hoton kowa, sai aka buga su da sunansa suka shiga kasuwanninmu. Ashe abin da mutumin Landan bai taɓa kashewa ba, kakanninmu sun sayi ƙosai da shi a Kano. Ga rubutun Larabci a jikinsu, domin masu mulki sun san abin da jama'ar Arewa ke iya karantawa.

Tun da naira ta zo a 1973, taro da sisi da sule suka koma bakin tsofaffi kawai. Muna kira ga ƙungiyar ɗalibai ta ware akwatin gilashi ɗaya a ɗakin karatu, kowa ya dawo daga hutu da abin da ya samu a gida, a rubuta shekararsa da garin da aka same shi. A kuma kiyaye, kada a goge su da toka ko lemun tsami, domin gugar tana rage musu daraja.