Wa Ya Horar da Harshenka?

A shekarar 1980, masana'antun giya a duk faɗin Amurka ba su kai ɗari ba. Yau sun haura dubu tara. Giya haramun ce a addinina, kuma ba na kiran kowa zuwa gare ta. Na ɗauko zancen ne domin ya nuna ƙarara yadda manyan kamfanoni ke horar da harshen jama'a, har mutum ya ɗauka abin da aka sabar masa shi ne zaɓin ransa.

Daga 1920 zuwa 1933 doka ta haramta giya a Amurka, ƙananan masana'antu da yawa suka mutu. Bayan an ɗage dokar, sannu a hankali kasuwa ta koma hannun manya irin su Anheuser-Busch da Miller da Coors. Abin da suke yi shi ne laga, wadda ake tsima ta cikin sanyi, a haɗa sha'ir da shinkafa ko masara, a rage furen hop mai kawo ɗaci da ƙamshi, a sayar da ita da sanyi ƙarara. Sanyi kuwa dakushe harshe yake yi. Burin mai sayar wa miliyoyin mutane shi ne kada kowa ya ƙi kayansa, don haka duk ɗanɗanon da zai sa wani ya yamutsa fuska cire shi ake yi.

Sauyin daga ƙasa ya taso. A 1965 Fritz Maytag ya ceto masana'antar Anchor da ke shirin rufewa a birnin San Faransisko. A Birtaniya, mashaya suka kafa ƙungiyar CAMRA a 1971 don kare giyarsu ta gargajiya. A 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta yin giya a gida, sannan a 1980 Ken Grossman ya buɗe Sierra Nevada a Kalifoniya. Waɗannan sun fi karkata ga nau'in da ake kira el, wanda ake tsimawa cikin ɗumi, yisti ya ba shi ƙamshin 'ya'yan itace, a kuma zuba masa hop ba rowa.

Masu shan el kusan labari ɗaya suke bayarwa. Kurɓin farko ɗaci kawai suke ji. Da suka jure, sai ɗacin ya ja baya, suka fara rarrabe ƙamshin ɓawon lemo da na gasasshen hatsi. Ranar da suka koma wa tsohuwar lagar da suka yi shekaru suna sha, sai suka ji ta salam. Kamfani bai taɓa komai a kwalbar ba. Harshensu ne ya ƙaru da ilimi.

Kada a ɗauka komai na wannan yunƙuri abin yabo ne. Yawancin giyar ƙananan masana'antu ta fi tsada, da yawa kuma sun fi bugarwa, illar barasa ga hanta da iyali kuwa ba ta duba wanda ya dafa ta. Manya ma ba su zuba ido ba: Anheuser-Busch ta saye Goose Island a 2011, Anchor kuwa ta rufe a 2023, shekara shida bayan kamfanin Sapporo na Japan ya saye ta.

Abin da ya dame ni yana gidajenmu. Muna renon yara da ɗunƙulen magi da lemon kwalba, har yaro ya toshe hanci idan ya ji daddawa, ya ture kunun tsamiya wai ba zaƙi. Laifin ba nasa ba ne, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu kuma mun bar wa kamfani aikin. Harshen da aka koya wa lami ana iya koya masa ɗanɗano, muddin ba a janye ƙwarya don ya ƙi kurɓin farko ba. Iyaye su dage da ba yara abincinmu. Mu kuma masu saye mu biya matan da ke yin daddawa da fura da zoɓo kuɗin da zai ishe su tsabtace sana'arsu su faɗaɗa ta, tun kafin a rasa masu iya ta.