Matatar mai a tsakar gida?

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, duk mai abin hawa a ƙasar nan ya koma ɗan lissafi. Litar fetur da ake sha ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake dubu a garuruwa da dama. Ɗan Adaidaita Sahu ya yini yana zaga gari, da magariba ya ware kuɗin mai, ya ware balas, abin da ya rage a aljihu bai kai na cefane ba. A wannan hali ne bidiyoyi ke faɗowa cikin wayoyin matasanmu: ga wani a ƙasar waje da duro biyu da bututun jan ƙarfe, ya jiƙa masara ya zuba yis, ya bar ta ta tsima, ya hura wuta, tururi ya bi bututu ya huce ya ɗiga a galan, ya juye a tanki, mota ta tashi. Yaron da ke iya tayar da mataccen janareto da ƙarafan Panteka dole ya ce, mu me zai hana?

Ba za mu ce masa ƙarya ya gani ba. Abin da ya ɗiga a galan ɗin itanol ne, itanol kuwa mai ne, kuma akwai ƙasar da ta hau shi ta yi nisa. Bayan tashin farashin mai na 1973, Brazil ta ƙaddamar da shirin Proálcool a 1975 don sarrafa rake ya zama man mota. A 1979 Fiat 147 ta fito, tana tafiya da itanol zalla, a 2003 kuma aka fara sayar da motocin da ke shan fetur ko itanol ko gaurayensu. Yau fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na abin da ake kira fetur a gidajen man Brazil itanol ne. Sai dai duk wannan daga manyan masana'antu yake fitowa, yawancinsu suna zaune tsakiyar gonakin rake, suna ƙona tukar raken su dafa ruwansa, har su sayar da rarar lantarki. Mai duro a tsakar gida kuwa itace zai saya.

Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. A masana'anta mai cikakkun kayan aiki, buhun masara mai kilo 100 yana ba da kimanin lita 40 na itanol. Litar itanol kuma ba ta kai ta fetur ƙarfi ba, kusan kashi biyu bisa uku take, wato lita 40 ɗin nan tafiyar lita 27 na fetur za ta yi. A gida ba za a samu ko 40 ɗin ba. A ɗora kuɗin buhun a kasuwar Dawanau, a ƙara na itace da yis da ruwa da kwanakin da aka zauna gadin duro, sannan a kwatanta da farashin gidan mai. Ko da lissafin ya fita, muna ganin bai dace a ɗauki tuwon yara a zuba wa babur ba a ƙasar da magidanta ke auna masara da gwangwani.

Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne ruwa. Duk iya dafawa da tacewar mutum, tururi ba ya raba itanol da ruwa gaba ɗaya; a wajen kashi 95 cikin ɗari yake tsayawa, sauran sai da na'urar tsotse danshi. Brazil tana sayar da mai ruwa-ruwan a famfonsa daban, ga motocin da aka ƙera dominsa, wanda ake gauraya wa fetur kuwa busasshe ne ƙarau. In aka zuba na gida a kan fetur, ruwan da bai wuce ƙaramin cokalin shayi a lita ba ya isa ya raba gaurayen gida biyu: fetur a sama, ruwa da itanol su kwanta a gindin tanki, daidai inda famfo ke zuƙa. Da safe a yi ta ba da wuta mota na tari. Bakanike ya kwance kafireto ya tarar da farin gari da tsatsa, tiyon roba ya yi laushi ko ya tsage. Yawancin abin da ke kan titunanmu tsofaffin motocin Kwatano ne da babura da kekunan da ba a ƙera su don irin wannan mai ba. Ba mu manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan metanol daga Antwerp ta Beljiyam, injina suka lalace, layukan mai suka dawo. Wannan fa man da ya biyo ta hannun hukuma ke nan.

Ga kuma gobara. Harshen wutar itanol shuɗi ne mai haske, da rana da ƙyar ido ke ganinsa, tururinsa kuma ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa har ya iske murhu. A gidan haya mai ɗaki goma, mata na girki yara na guje-guje, nan za a kafa duro a kan wuta? Garin neman gira a rasa ido.

Akwai kuma maganar da ba a so a faɗa. Itanol shi ne abin da ke bugarwa a cikin giya, kuma matakin farko na yin sa bai bambanta da dafa burukutu ba. Da dama daga ƙasashen da suka yarda a yi shi don mota suna tilasta a ɓata shi da fetur ko wani sinadari don kada ya shawu. A Amurka ma sai da lasisin gwamnatin tarayya mutum ke kafa tukunyarsa. Mu da ke fama da matasa masu shan sholisho da maganin tari, wa zai bi gida-gida ya tabbatar galan ɗin tanki ya nufa? A 2015 ogogoro mai metanol ya kashe mutane da dama a jihohin Ondo da Ribas.

Laifin dai ba na yaron Panteka ba ne. Tun 2007 gwamnatin tarayya ta amince da manufar man tsirrai, da burin gauraya kashi goma na itanol a fetur, aka ɗora wa NNPC jagoranci, aka yi ta rattaba hannu kan yarjejeniyoyi da jihohi. Har yau direba bai ga famfon ba. Alhali babu ƙasar da ta kai Najeriya noman rogo a duniya, ga rake a Numan da Bacita da Sunti, ga na Maƙarfi da ake yin mazarƙwaila da shi. Baƙin ruwan da ke saura bayan an fitar da sukari shi ya fi dacewa da wannan aiki, domin ba ya rage wa kowa tuwo.

Muna kira ga hukumar kula da harkar mai ta NMDPRA da ta ingancin kayayyaki ta SON su fitar da ƙa'ida bayyananna: wa zai iya yi, a ina, da wane ma'auni, kuma da me za a ɓata shi. Gwamnatocin jihohin da ke noman rake su ba ƙungiyoyin manoma fili a wajen gari da lasisin ƙananan matatu, kwalejojin fasaha na Kaduna da Kano su horar da masu aikin, su riƙa gwada kowane tanki kafin ya fita. A fara da kekuna ɗari a gari guda na shekara guda, a buga wa jama'a abin da bakanike ya gani a cikin injinansu.