Raddi Ga Masu Cewa A Raba Yara Da Ruwan Bagaja

Wata magana na yawo a bakin wasu iyaye da malaman makaranta, wai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ba littafin da za a miƙa wa yaro ba ne. Hujjarsu uku ce: yana wulaƙanta malamai, gwarzonsa ɗan damfara ne, kuma Bature ne ya sa aka rubuta shi. A taƙaice dai, littafin da kakanninsu suka karanta tun 1934 sai yau suka gano guba ne.

A fara da batun malamai, domin nan ne maganar ta fi rauni. Wurin da suke kafa hujja da shi sananne ne. Gwarzon littafin, Alhaji Imam, ya shiga gari yana da'awar malanta alhali ba shi da ita, Malam Zurƙe ɗan Muhamman ya zo zai tona masa asiri. Alhaji ya zana wata lanƙwasa a ƙasa ya ce a karanta. Zurƙe ya yi ta kiran sunayen haruffa, Alhaji ya ce jinjirin wata ne, jama'a suka ba shi gaskiya suka kori mai karatun. To, wa aka yi wa dariya a nan? Ai jama'ar da ba ta iya bambance malami da mai babban rawani ba. Yaro ɗan aji biyar yana gane haka, sai manya ne ya gagara! Kuma duk tafiyar da Alhaji ya yi me ya haddasa ta? Liman, mijin uwar Alhaji, ya faɗa a fada cewa ruwan Bagaja zai warkar da ɗan sarki, aka ci masa mutunci. Alhaji ya bar Kwantagora ya shiga duniya don ya wanke malamin da ya riƙe shi. Littafin da aka gina kan fansar darajar limami, shi ake zargi da raina malamai. Shi kansa marubucin a gidan malamai aka haife shi a Kagara a 1911, kuma yayansa Bello Kagara, marubucin Ganɗoki, har Walin Katsina ya zama.

Batun damfara kuwa, babu mai musun Alhaji da Zurƙe sun cuci juna, sun cuci wasu. Amma kowace cuta sai ta dawo da ramuwa, da duka ko ɗauri, har suka gaji suka shirya. Idan gwarzo mai wayo laifi ne, sai a fara kwashe Muƙamar Hariri daga zaurukan karatu, tunda gwarzonta Abu Zaid da wa'azi yake tatsar mutane. Sai kuma a hana kaka ambaton Gizo.

Saura Bature. Gaskiya ne Rupert East na Hukumar Fassara a Zariya ya shirya gasar rubutu ta 1933 da ta samar da littafin. Gasar nan ce kuma ta haifi Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ba a kuwa ji suna neman a janye shi ba.

Littafin siriri ne, ana gama shi tsakanin la'asar da isha'i. Masu ƙorafi su daure su kai shafin ƙarshe, inda ɗan sarki ya warke, kafin su sake hana yaro karanta shi.