A Duba Gumin Matan Kaɗanya

Man kaɗen da ake sayarwa a kasuwannin Nima da Mamobi, a nan Ankara, gumin matan karkarar Tamale da Wa da Bolgatanga ne. Da asuba suke shiga daji tsintar kaɗanya a farkon damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, macizai kuma suka fito. Yunwa kan sa su sayar nan take da araha, dillali ya ɓoye har farashi ya tashi. Ƙarshenta man ya shiga cakulan da mayukan shafawa a Turai.

Burkina Faso ta dakatar da fitar da ɗanyar ƙwarar kaɗanya a 2024, Nijeriya ta bi sahu a watan Agustan 2025, don a riƙa sarrafawa a gida. Manufar ba laifi, amma idan masu saye suka ragu, a kan mai tsinta asarar ke fara sauka.

Muna kira ga 'yan kasuwarmu masu bin hanyar Paga da Aflao: ku saya kai tsaye daga ƙungiyoyin matan, ku auna da sikeli maimakon kwano, ku ƙara kuɗi a kan ƙwarar da aka dafa ta bushe da kyau. Hukuma kuma ta riƙa sanar da farashi a rediyo da harsunanmu.