Gam ba ya gyara manifol, ku daina yarda ana shafa muku shi

Kun saba jin maganar waya daga bakina, yau kuma mota ce ta kawo ni. Ni ba bakanike ba ne, mai gyaran waya ne, amma abin da na gani a jif ɗin kawuna ya sa na ce sai na yi magana.

Tsohuwar jif ce ta shiga daji, 'yar 2001, mai silinda takwas, irin su Land Cruiser da Pajero da kuke gani suna ratsa laka da damina. Da ita yake zuwa gona. Kullum da safe idan ya tayar da ita sai ka ji "tik-tik-tik" da sauri daga cikin bonet, bayan minti biyar ƙarar ta lafa. Ya kai gareji, aka kwaɓa gam aka shafa, aka ce ya gyaru. Sati biyu ƙarar ta dawo. Ranar da muka je ƙauye, yaran da ke baya suka fara ciwon kai, ɗaya har da amai. Kawu ya ce jirin mota ne. Na ce, "Kawu, ba ka jin warin hayaƙi a cikin motar nan?" Ya ce, "Kai yaro, tsohuwar mota ai sai da wari."

To a nan nake da ja.

Manifol shi ne ƙarfen nan mai rassa da yake manne da jikin kan inji. Shi yake tattara hayaƙin kowace silinda ya tura shi bututun salansa. Tsakaninsa da kan inji akwai gaskit, an ɗaure da kusoshi da noti. Zafin wurin yana iya wuce digiri 500 idan mota na jan kaya. Ƙarfe in ya yi zafi yana buɗewa, in ya huce ya tsuke. A yi haka shekara ashirin, a haɗa da ruwan sanyi da ke fantsama a kan ƙarfe mai zafi duk lokacin da aka tsallaka rafi, dole ɗayan uku ya faru: gaskit ya ƙone, kusa ta karye, ko manifol ɗin ya tsage. Dalilin da ya sa ƙarar take lafawa kenan in inji ya ɗauki zafi, ƙarfen ne ya buɗe ya matse kafar. Ba warkewa ta yi ba.

Me ya sa na ce ba ƙaramin abu ba ne? Na farko, hayaƙin yana fita ne a gaban direba, ba a bayan mota ba. A cikinsa akwai iskar kabon monoksaid, wadda take kashe mutane idan sun kwana da janareta a ɗaki. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana kama jini fiye da iskar da muke shaƙa sama da sau 200. Alamominta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da barci. Direba mai barci a kan titi, kun san sauran.

Na biyu, aljihu. Kafar tana zuƙo iskar waje kafin hayaƙi ya isa sensar da ke auna iska. Sensa sai ta faɗa wa ƙwaƙwalwar mota cewa mai ya yi kaɗan, ita kuma ta ƙara turo mai. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, wa yake da fetur ɗin zubarwa?

Ga yadda za ka gano da wayarka:

1. Da asuba kafin inji ya yi zafi, buɗe bonet, kunna bidiyo, wani ya tayar. Da wannan za ka nuna wa bakanike, don kafin ka isa gareji ƙarar ta ɓace.

2. Inji a kashe kuma a huce, kunna tocilar waya ka duba inda manifol ya haɗu da kan inji. In ka ga baƙin zane kamar kunkunniya, nan ne. Ka ƙirga noti ma, ko akwai wanda ya ɓace.

3. In motar tana da soket ɗin OBD2, wanda motocin da aka sayar a Amurka suke da shi tun 1996, sayi ƙaramar na'urar ELM327 mai Bluetooth ka haɗa da manhajar Torque. Lambar P0171 ko P0174 tana nufin iska ta yi yawa a kan mai. Ba manifol kaɗai ke kawo su ba, amma in sun haɗu da ƙarar da baƙin zanen, ka kusa kama ɓarawo.

Gyaran gaskiya kuma sai an kwance. A fesa man cin tsatsa a kan noti tun dare, a cire garkuwar zafi, a sauke manifol. A ɗora rula ta ƙarfe a fuskarsa, in ya lanƙwashe a kai wa masu injin goge ƙarfe su daidaita shi. In tsagewa ce a sauya shi, ko a yi masa walda a ƙasa, ba a jikin mota ba. Kusar da ta karye ana walda mata noti a kai a warware ta a hankali, don kan injin irin waɗannan da yawa alminiyam ne, garaje yana cinye zaren ramin. Sabon gaskit, sababbin kusoshi, a ɗaure daga tsakiya zuwa gefe da sifana mai auna ƙarfi. Bayan kwana biyu a sake dubawa.

Na san abin da wani zai ce: aikin yana da tsada, wurin matsattse ne, kuma a wajen kwancewa wata kusar tana iya karyewa. Gaskiya ne. Ban kuma ɗora wa bakanike laifi shi kaɗai ba. Mu ma a shago ana kawo mana waya a ce "ɗan yi mata dabara kawai", in ka faɗi kuɗin gyaran gaskiya mutum ya wuce shagon gaba. Amma in dabarata ta lalace, waya ce za ta mutu. Gam ɗin da ake kwaɓawa ba a yi shi don wannan zafin ba, ƙonewa yake ya fashe, kai kuma ka saki jiki kana rufe gilashi da iyalinka a ciki. Araha ba ta ado.

In babu kuɗi yanzu, ba laifi, amma ka riƙa sauke gilashi, kuma kada wani ya kwanta a cikin motar inji na aiki.

Ta Kawu da aka kwance, kusa biyu aka samu a karye, gaskit ya zama toka. Kwana biyu ta yi a gareji. Yanzu yara suna zuwa ƙauye su dawo lafiya lau.

Duk wanda yake da tsohuwar jif a gida, gobe da safe ya saurari injinta. Ku tura wa direbobin da kuka sani. Allah Ya tsare mu a hanya.