Yawon Buɗe Ido, Ido A Rufe

Wanda ya fara laƙaba wa tafiyar kallon garuruwa sunan "yawon buɗe ido" ya yi wa harshen Hausa gata, domin a cikin kalmomi uku ya faɗi abin da ake fita nema. Sai dai ina da ƙara da zan shigar a gaban mai karatu, kuma waɗanda nake ƙara su ne mu, 'yan boko da 'yan kasuwa da Allah Ya hore wa fasfo da kuɗin jirgi. Tuhumata ita ce mun mayar da yawon buɗe ido yawon nuna kai: muna zuwa manyan biranen duniya domin a gan mu a can, mu kuwa mu komo ba mu ga komai ba. An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Saboda haka da kaina zan fara, kuma shaidata ita ce kwana biyu da na yi a Istanbul tare da abokaina uku.

A lokacin muna karatu a Ankara, babban birnin Turkiyya. Akwai babbanmu da muke kira Yaya, da Ango wanda bai cika shekara da aure ba, da wani ɗan Damagaram da muke ce wa Auta, sai ni da suke kira Malam saboda na taɓa koyarwa. Ranar wata Asabar da asuba muka hau jirgin ƙasa mai gudu, bayan awa huɗu da 'yan kai muka sauka a ɓangaren birnin da ke nahiyar Asiya, muka shiga jirgin fito daga Kadikoy zuwa Eminonu. Daga kan ruwan nan ne birnin da kakanninmu suka sani da Santambul yake bayyana gaba ɗayansa, ƙubba a bayan ƙubba, hasumiyoyi sun yi cirko-cirko a kan tuddai. A hoto na ga wannan daga baya, domin a lokacin dukanmu mun juya wa birnin baya, muna yi wa wayar Auta murmushi.

Haka muka wuni. Ango ya zo da jaka mai ɗauke da kaftani uku da huluna uku, yana sauyawa, don mai kallo a gida ya ɗauka mako guda muka yi. Aya Sofiya, ginin da mutane ke tasowa daga ƙarshen duniya domin su gani, minti ashirin muka ba shi, rabinsu kuma a neman inda haske ya fi kyau suka tafi. Daga nan sai hasumiyar Galata, sai babbar kasuwar nan mai rufi da ake kira Kapali Carshi. Lahadi kuwa sukutum muka sadaukar da ita ga shagunan unguwar Laleli, inda 'yan kasuwarmu ke sarin tufafi. Da azahar na ce, da murya ƙasa-ƙasa, ko za mu hau tudu mu ga masallacin Sulaimaniyya, tunda ga shi nan kusa. Yaya ya dube ni ya ce, "Haba Malam, masallaci ai masallaci ne. Jiya ba mun shiga ɗaya ba?" Na yi dariya na bi su, domin ni ma akwai wata kwat da raina ya biya.

Ranar Litinin asirinmu ya tonu. Ango ya sa hoto a Facebook ya rubuta cewa ga shi a gaban Aya Sofiya. Mutane suka yi ta sa albarka, babu wanda ya ce uffan. Sai wani Baturke ɗan ajinmu ya karɓi wayar, ya ƙirga hasumiyoyi da yatsa, ya ce shida ne, Aya Sofiya kuwa huɗu gare ta. Ashe masallacin Sarki Ahmad ne, wanda ke fuskantarta a ɗaya gefen dandalin. Tsakanin gine-ginen biyu akwai shekara fiye da dubu: an gama ɗaya a 537, ɗayan kuma a farkon ƙarni na 17. Bai yi mana dariya ba, tambaya kawai ya yi, "To, amma kun shiga ciki?" Mun shiga, kuma ni na ɗauki hoton. Mutum huɗu, kowanne da digiri yana neman na biyu, mun tsaya a tsakiyar tarihin dauloli biyu ba mu bambance gabas da yamma ba. Ranar na gane gaskiyar masu cewa ganin Dala ba shiga birni ba ne.

Kunyar nan ce ta mayar da ni Istanbul ni kaɗai bayan wata biyu, da ɗan littafi a aljihu. Abin da na tarar mun taka mun wuce shi ne hujjata a wannan ƙara.

Aya Sofiya da muka yi wa kallon bangon ɗaukar hoto, Sarkin Rumawa Jastiniyan ne ya gina ta coci. Ta zama masallaci a 1453 da Sarki Muhammadu Alfatih ya ci birnin, ta zama gidan tarihi a shekarun 1930, ta sake komawa masallaci a 2020. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙubbarta ta farko ta rufta a 558, bayan girgizar ƙasa, aka sake ɗora wata. Bayan shekara dubu kuma Sinan, sarkin maginan Daular Usmaniyya ta Turkiyya, ya tokare bangayenta da manyan dogarai don kada su buɗe. Wato ginin da Kirista ya kafa, Musulmi ya tallafe shi. Bai kai yau don ƙarfin dutse kaɗai ba. Kowane zamani ya sami mutanen da suka ɗauki gyaransa a matsayin bashi a wuyansu. Wannan darasi yana rubuce a jikin bango, mu kuwa mun jingina da bangon muna gyara hula.

'Yan taku kaɗan daga ƙofarta, a ƙarƙashin titin da muka bi muna neman gidan abinci, akwai matattarar ruwa da aka haƙa tun ƙarni na 6, rufinta na zaune a kan ginshiƙai 336. Birni ne da teku ta kewaye amma ba shi da wadataccen ruwan sha, sai masu mulkinsa suka jawo ruwa daga tuddai masu nisa suka adana a ƙarƙashin ƙasa. Wani yanki na doguwar gadar da ke ɗauko ruwan, wadda aka gina a ƙarni na 4, yana nan tsaye ba nisa da Laleli. Da aka zo shimfiɗa babban titi a wurin, ba a rushe ta ba; ta ƙarƙashin bakunanta motoci suke wucewa har yau. Na daɗe tsaye a gefen titin nan ina tuna ƙofofin ganuwar Kano da aka ture domin faɗaɗa hanya, aka maye gurbinsu da siminti da fenti.

Sai Sulaimaniyya, wadda Yaya ya ce masallaci ai masallaci ne. Sinan ya gina ta wa Sarki Sulaimanu tsakanin 1550 da 1557, kuma wurin salla yanki ɗaya ne kawai na abin da ya gina. A kewaye da shi akwai makarantu, da makarantar koyon likitanci, da asibiti, da gidan dafa abinci domin talakawa da ɗalibai, da masaukin baƙi, da gidan wanka, da jerin shaguna, aka kuma tsayar da waƙafi mai ɗaukar nauyinsu. Har hayaƙin fitilun masallacin ba a bar shi ya tafi a banza ba: an tsara iska ta kwashe shi zuwa wani ɗaki a saman ƙofa, ana kankare baƙin ana yin tawada. Duk wanda ya taɓa riƙe allo zai ji daɗin wannan hikima. A yau wasu daga makarantun sun zama ɗakin karatu mai ɗauke da dubban rubuce-rubucen hannu na Larabci da Farisanci da Turkanci. Mu da muka fito daga ƙasar da ake gina masallaci a kowane lungu, almajiri kuma na bara a ƙofarsa, wane wuri ne ya fi cancanta mu tsaya mu yi tunani? Muka sayar da shi a kan kwat da takalma.

Na san abin da za a ce mini, domin Yaya ya riga ya faɗa da na kai masa wannan magana. Ya ce, "Malam, kuɗina ne, hutuna ne. Na sha wahalar karatu wata huɗu, ba darasin tarihi na je nema ba." Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Hutu haƙƙi ne, raha da abokai ni'ima ce, kuma ba na ƙin hoto. Wanda muka ɗauka a jirgin fito yana nan ina dubawa in yi murmushi. Ba na kuma raina kasuwa, domin Bahaushe da fatauci aka san shi, kuma tsaraba zumunci ce. Amma a dubi abin da muka yi da idon adalci. Wanda ke sauya kaftani sau uku a wuni ɗaya yana hutawa ne? Aiki yake yi tuƙuru, kuma iyayen gidansa su ne mutanen da ke riƙe da waya a Kano da Damagaram, waɗanda yake so su ce ya isa. Mun dawo a gajiye fiye da yadda muka tafi. Fatake na dā kuwa, da ake kafa hujja da su, ba haja kaɗai suke komowa da ita ba. Sukan zo da harsuna, da dabarun sana'a, da labarin yadda wasu ke tafiyar da garuruwansu. A shekarun 1570 Mai Idris Alauma na Borno ya aika jakadu zuwa wannan birni, wurin Sarki Murad na Uku, a kan maganar tsaron alhazai da fatake. Sai da suka keta Sahara, suka haye teku. Mu da jirgi ya ɗauko ya sauke cikin sa'o'i, me za mu ce mun kawo?

Da abin ya tsaya a kan mu huɗu, da ban ɓata wa mai karatu lokaci ba. Abin tsoron shi ne masu irin wannan tafiya su ne gobe za su zama kwamishinoni da daraktoci da 'yan majalisa da masu kwangila, wasunsu ma sun riga sun zama. Mutumin da ya saba kallon ƙyalli ya bar tushe, ƙyallin zai kwaso ya kawo gida. Zai dawo yana sha'awar fitilu masu launi da dogon bene mai gilashi, ba zai tambayi wa ke share titi da asuba ba, ko daga ina albashinsa ke fitowa, ko wace doka ce ta hana attajiri rushe tsohon gini. Shi ne zai sa hannu a yanka badala a yi filoti, a cike kududdufi a yi shaguna, in damina ta zo ruwa ya ci unguwa ya ce ƙaddara ce. Kapali Carshi da muka yi ta santinta, an kafa harsashinta ne jim kaɗan bayan 1453. Kasuwar Kurmi kuwa ta kafu a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Kusan tsarar juna ne. Ɗaya ana zuwa kallonta daga kowace nahiya, ɗaya kuma yawancinmu da muka yi hoto a ta farkon ba mu taɓa kai ɗanmu ya gan ta ba.

Kada a ɗauka ina kira ne a yi wa Istanbul kallon aljanna. Mai buɗaɗɗen ido shi ne ke ganin aibi ma. Na bi gindin tsohuwar ganuwar birnin, wadda aka gina a ƙarni na 5, na ga wuraren da aka yi wa gyaran ganganci da sabon dutse har tsufansu ya ɓace, na ga inda aka bari ciyawa na ci. A nan kusa ne unguwar Sulukule take, inda aka tashi talakawan da suka gaji wurin kaka da kakanni, aka gina gidajen da ba za su iya saya ba. Wannan ma ilimi ne, kuma ya fi amfanar wanda wata rana za a kawo wa takardar tashin wata unguwa ya sa hannu. Mai hoto ba ya ganin kyau, ba ya ganin muni. Fuskarsa kaɗai yake gani.

Abin da nake nema bai taka kara ya karya ba. Kafin ka tashi, ka karanta ko shafi biyar ne a kan garin da za ka. In ka isa, ka zaɓi wuri ɗaya ka ba shi awa biyu cur, waya na aljihu. Ka tambayi wa ya gina, don me, da kuɗin wa, kuma wa ke gyarawa. Ka zauna da ɗan gari ku sha shayi, ko da rabin hirar da hannu za a yi ta. Bayan haka ka ɗauki hotonka, ka sayi tsarabarka, babu mai ganin laifinka. In ka komo gida aka ce me ka gani, ya zamana kana da amsar da ba sai ka zaro waya ba.

Har yanzu muna zumunci da abokan tafiyata, kuma har yanzu Yaya na cewa na cika tsanani. Wataƙila haka ne. Amma kwanakin baya Ango ya kira ni, ya ce zai kai iyalinsa Istanbul, yana so in rubuto masa sunan masallacin nan da ke kan tudu. Na rubuta masa, na ƙara da cewa ya bar jakar kaftani a masauki.